Hausar Wa Ke Cikin Wayarmu? Tarihin Fassarar Manhajoji Daga Zariya Zuwa Madarumfa

Tsakanin Madarumfa da Jibiya babu tafinta. Mutumin Ɗan Isa da ya tsallaka cin kasuwa ba ya sauya harshe, balle wanda ya je ɗaurin aure birnin Katsina, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito. Amma karɓi wayoyin mutum biyu, ɗaya daga wannan gefen iyaka, ɗaya daga wancan, za ka tarar kowace da harshen da take yi wa mai ita magana: tamu Faransanci, tasu Ingilishi. In kuma aka yi dace manhajar da ke ciki tana da Hausa ka zaɓe ta, to kusan kullum Hausar da za ta fito maka an ɗinka ta ne da awon mutumin Kano mai kashe naira, wanda ya yi boko da Ingilishi. Tana shigarmu, amma tana matse mu a wasu wurare. Wannan ba laifin Kanawa ba ne, kuma ba makirci ba ne. Abu ne mai tarihi, tarihin kuwa ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Kafin mu shiga tarihin, bari mai karatu ya san yadda ake sa manhaja ta yi magana da harsuna da yawa, domin a nan ƙullin yake. Wanda ya ƙera manhaja ba ya rubuta kalmomin da muke gani a jikin aikin kai tsaye. Yakan ware su a wani jeri na dabam: "shiga", "fita", "aika", "an karɓi saƙonka", kowace jimla da lambarta. Wannan jeri, wanda galibi da Ingilishi ake fara rubuta shi, shi ake miƙa wa masu fassara, kowa ya juya shi zuwa harshensa. Wannan shi ne rabin farko. Rabi na biyu ba fassara ba ce, mayar da manhaja ƴar gari ne: wane kuɗi ake kashewa a wurin, yaya ake rubuta lamba da kwanan wata, wane harafi ke bin wane idan ana jera sunaye, wane allon rubutu ke hannun mutane. Don a bambance waɗannan, kowane harshe yana da alamarsa ta duniya. Ta Hausa ita ce ha. Idan aka ƙara ƙasa sai a samu ha-NG ta Nijeriya, ha-NE ta Nijar, da ha-GH ta Ghana. Ƙa'idar kuwa ita ce, wanda ya ce ha bai ƙara komai ba, na'ura za ta ɗauka Nijeriya yake nufi, kuma duk gurbin da ba a cike wa Nijar ba sai ta gaje shi daga can. Me ya sa Nijeriya ta zama uwa, Nijar ta zama reshe? Yawan jama'a yana ciki, amma ba shi kaɗai ba.

Maraɗi dai Katsinawa suka kafa ta, sarakunan Haɓe da suka baro birnin Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Iyakar da ta raba mu da Jibiya Ingila da Faransa suka shata ta a kan takarda, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Harshe bai san an yi ba. Abin da ya rabu shi ne makaranta, kuma daga makaranta komai ya biyo.

A kudancin iyakar, Turawan Ingila sun yanke shawarar yin mulki da Hausa, suka kuma zaɓi haruffan boko a maimakon ajamin da malamai suka daɗe suna rubutu da shi. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga baya ta koma Hukumar Talifi. Ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A cikin shekarun 1930 ɗin nan ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna daram, bisa tsarin da wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta shimfiɗa, wadda Bajamushe Diedrich Westermann ke cikin jagororinta. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1955 kuma aka kafa Hukumar Harshen Hausa.

Abin da ya kamata a lura da shi a wannan jerin shekaru ba littattafan kaɗai ba ne. A Zariya aka koyi sana'ar zama a gaban baƙon abu da aka rubuta da Ingilishi, a nemo masa suna da Hausa, a buga, jama'a su karɓa ko su ƙi. Gidajen rediyo suka ɗora daga nan: sashen Hausa na BBC daga 1957, na Jamus daga 1963, na Muryar Amurka daga 1979. Ta bakinsu muka saba da Majalisar Ɗinkin Duniya da jirgi mai saukar ungulu, daga baya na'ura mai ƙwaƙwalwa da yanar gizo. Ita kanta kalmar manhaja, mu malaman makaranta mun san ta ne da ma'anar tsarin darussan da ake koyarwa, kafin a yi mata sabon aure da waya. A 1990 malaman jami'o'in Nijeriya suka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla. Saboda haka ranar da kamfanonin Amurka suka tashi neman wanda zai juya musu jerin jimlolin nan, sun tarar da ƙasa mai shekara tamanin tana wannan aiki, daga harshen da su ma suke magana da shi.

A arewacin iyakar labarin dabam ne. Faransa ba ta yarda a koyar da yaro da harshen uwarsa ba, taron Barazabil na 1944 ma ya sake jaddada cewa da Faransanci kawai za a yi karatu. Waɗanda suka girme mu, har da wasu tsararrakinmu, sun san sambol, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a lakwal, ya yi ta neman wanda zai sauke wa kafin a tashi. Babu hukumar fassara, babu jarida irin Gaskiya. Wanda ya iya rubuta Hausa a Maraɗi a wancan zamani, ko dai da ajami ne, ko kuwa da ƙa'idar Faransanci, wadda ta bar mana Madarounfa a madadin Madarumfa, Tessaoua a madadin Tasawa, da Guidan Roumdji a madadin Gidan Rumji. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 aka fara yaƙi da jahilci da harsunan gida.

A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Nijar ta ɗauki shawarwarin taron, ciki har da ninka wasali idan dogo ne, Nijeriya kuwa ta ci gaba da abin da ta saba. Aka wayi gari harshe ɗaya yana da rubutu biyu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 aka zauna a Yamai aka sasanta, Nijar ta bar ninka wasali. Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da haruffanmu, ta 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Bayan duk wannan, babban bambancin da ido ke gani bai wuce harafi ɗaya ba: mu muna rubuta ƴa da ƴan da ƴanci da harafi guda mai lanƙwasa, su kuma suna sa ɗan waƙafi a sama kafin y. Ni dai na gida nake amfani da shi, kuma ina ganin ya fi wa na'ura sauƙi, domin ɗan waƙafin nan iri-iri ne a kwamfuta, wani miƙaƙƙe, wani karkatacce, ido na ganinsu ɗaya amma na'ura ba ta ganinsu ɗaya. Wasu guraben cike suna ma ba sa karɓarsa sam, abin da masu suna Sa'adu da Ma'aruf suka sani sarai.

Da kwamfuta ta zo, ta zo da nata sambol ɗin. Tsarin haruffan da Amurkawa suka kafa a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 gare shi, kuma babu ko ɗaya na ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya karɓi namu tun farkon shekarun 1990, sai dai ya zaunar da su a unguwanni dabam-dabam: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masu nazarin furuci, manyansu kuma da ƙ da ƴ suna wani rukunin. Mai zana salon haruffa yana iya sa rukuni ɗaya ya bar ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan muka daɗe muna ganin ɗan akwatin da babu komai ciki a tsakiyar kalma, ko harafi guda ya fito da wata siffa kamar baƙo a gidan biki.

Wanda ya fi yi mana illa, a ganina, gajeren saƙon waya ne. Wayar salula ta bazu a ƙasashen biyu daga 2001. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 matuƙar ka tsaya cikin jerin da Turawan Turai suka tsara, wanda ke da é da è da à na Faransanci amma babu namu. Da zarar ka sa ɗ guda ɗaya, wayar za ta koma wani tsarin da saƙo ba ya wuce harafi 70. Wato ko da wayarka ta iya lanƙwasa, rubuta Hausa daidai yana iya ninka maka kuɗin saƙo. Yawancin ƙananan wayoyin ma ba su iya ba. Haka tsara guda ta tashi tana rubuta kasa tana nufin ƙasa, baki tana nufin baƙi, kare tana nufin ƙare, har manyan kafofin labarai suka daɗe suna bugawa a intanet babu lanƙwasa. Yau allon rubutu irin Gboard ya kawo haruffan har ƙarƙashin yatsa, amma sabo turken wawa. A aji ina ganin sakamakon: yaro ya san bambancin ɗaka da daka a baki, amma hannunsa bai sani ba. Ga mai ƙera manhaja ma matsala ce, domin wanda ya nemi kudi ba zai samu inda aka rubuta kuɗi ba, sai an koya wa na'urar cewa ƴan gida ɗaya ne.

Hausa ta hau allo a hankali. Microsoft ta fitar da kunshin Hausa na Windows 7, amma da sharaɗin da ya tona asirin tarihin da muka bi: kunshin rabin fassara ne, ana ɗora shi a kan Windows ta Ingilishi, abin da ba a fassara ba ya fito da Ingilishi. Kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu kuwa na Faransanci ne, allon rubutunsu ma AZERTY ne, ba QWERTY irin na Nijeriya ba. Kenan an yi tuwon, amma ba a tukunyarmu ba. A Disamban 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, tare da Yarabanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu. A 2016 Facebook ya fara magana da Hausa. Wayoyin Tecno da itel, waɗanda suka cika kasuwanninmu, su ma sun sa Hausa cikin harsunansu.

Facebook ya fito da wata hanya tun 2008, lokacin da ya fara fassara kansa zuwa Sifaniyanci da Jamusanci da Faransanci: masu amfani da shi su kawo fassara, sauran su jefa ƙuri'a, wadda ta fi samun goyon baya ta hau. Hanya ce mai kyau, amma a irin wannan zaɓe kowa ya san wanda zai ci tsakanin Kano da Maraɗi. Ga kuma shingen da ba a faɗa: kafin ka kawo fassara sai ka iya harshen da ake fassarawa daga gare shi. Malamin Nijar da ya ƙware a Hausa da Faransanci, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a aji mai harshe biyu, yana tsaye a waje saboda jerin da Ingilishi yake. Na'urorin fassara ma sun daɗe suna bi ta Ingilishi idan za su kai Faransanci zuwa Hausa, kuma a wannan zagaye ake zubar da kaya. Faransanci yana bambance aboki da ƙawa, Hausa ma haka, Ingilishi kuwa kalma ɗaya gare shi. Abin da harsunan biyu suka yi tarayya a kai sai ya salwanta a hannun ɗan aike.

Dole a yi wa masu fassarar adalci, domin aikin ba ƙarami ba ne, kuma wasu wahalhalun namu ne duka, kudu da arewa. Ingilishi yana ba mutum umarni ba tare da ya san namiji ne ko mace ba. Hausa sai ta zaɓa: ka shiga, ki shiga, ko ku shiga. Wasu sukan tsere ta hanyar ba da umarni tsirara, "shiga", "aika", wanda ya yi daidai a kan maɓalli amma ya yi kaushi a cikin jimla. Wasu sukan rubuta ka/ki, abin da babu mai faɗa da baki. Wasu kuwa sai su mayar da kowa namiji, Hajiya ta buɗe waya a ce mata "ka yi nasara". Ni na fi son "ku", domin da shi muke girmama manya, kuma ba ya ware kowa. Haka nan jimlar da aka bar gurbin suna a cikinta: wane ya aiko, wance ta aiko. Idan mai ƙera manhajar bai tanadi hanyar sanin jinsi ba, mai fassara ba shi da yadda zai yi sai dai ya karkata jimlar, ya ce "saƙo daga wane". Sau da yawa kuma ba ya ganin allon, jeri kawai aka ba shi. Kalmar Ingilishi guda tana nufin ajiya, tana kuma nufin ceto. Wata tana nufin rabawa, alhali a manhaja yaɗawa ake nufi, tunda hoton da ka tura wa mutum goma bai ragu a hannunka ba. Wanda bai ga inda kalma za ta zauna ba, canka yake yi.

Amma akwai abin da ya keɓanta da mu, kuma mafi nauyinsa kuɗi ne. A Madarumfa, kamar ko'ina a Nijar, ba ma ƙirga sefa ɗaya-ɗaya. Da dala muke ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Sunan tsohon kuɗin azurfa ne da ya zaga Afirka, aka liƙa shi ga ƙwandalar tamma biyar ta Faransa, ya zauna. Idan mai tumatir ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Ɗari, sefa 500. Jika, sefa 1000, wato dala 200. Zabarmawa da Bambarawa da Wolof duk da biyar-biyar suke ƙirgawa, don haka ba wani baƙon abu ba ne a ƙasashen sefa. A Nijeriya kuwa jaka fam 100 ce a da, ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. To a ce manhajar aika kuɗi ta rubuta da Hausa cewa za ka biya 500. Ɗan makaranta ya karanta wa kakarsa "ɗari biyar". A kunnenta dala ɗari biyar ce, wato sefa 2500, jika biyu da rabi. Da Faransanci aka rubuta, yaron zai san yana tsallaka harshe, ya yi lissafin kafin ya buɗe baki. Amma da yake Hausa ya gani, sai ya karanta yadda ya gani. Fassarar da ba ta san dala ba tana iya fin rashin fassara haɗari, kuma babu mai fassarar da ke zaune a Kano ko Kaduna da za a zarga don bai hango wannan ba.

Rubutun lamba ma haka. A ajinmu muna koya wa yaro cewa waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuma tazara ake bari tsakaninsu. A Nijeriya waƙafi dubbai yake rabawa, ɗigo kuma gutsure. Saboda haka 1,500 dubu da ɗari biyar ne a Jibiya, amma ɗaya da rabi ne a wurin ɗalibina. Lokaci ma mu da awa 24 muka saba a takarda. Watanni kuwa, Janairu da Fabrairu rediyo ya koya mana su, amma a ƙauye watan ɗaya da watan biyu ake cewa, ko a ari na Faransanci.

Sai kalmomin aro. Mu muna cewa lakwal, mushe, bik, kaye, rezo, sharje, ordinatar. Can kuma makarantar boko, ticha, biro, sabis, caji, kwamfuta. Hatta kalmar Turanci, a bakin tsofaffinmu Faransanci take nufi, tunda shi ne harshen Baturen da suka gani. Inda mai fassara ya samu asalin kalmar Hausa, kamar saƙo, ajiya, kalmar sirri, tura, goge, babu gardama, kowa ya gane. Matsalar tana tasowa ne inda ya gaji ya ari Ingilishi ya lanƙwasa shi, yana zaton kowane Bahaushe ya taɓa jin kalmar. Mutanen bakin iyaka irinmu muna da sauƙi, saboda kasuwa da finafinan Kano sun sa mun san duka biyun. Mutumin Dakwaro ko Tanut ba lallai ba ne. Shi ya sa nake ganin mai fassarar da ya dage kan tsantsar Hausa, wanda wasu ke yi wa dariya da cewa ya cika tsauri, shi ne yake yi wa ƴan Nijar aiki ko bai sani ba.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne Nijar ta yi tata Hausar ta allo dabam, da karin harshenmu, a rubuta hita da tahi yadda muke faɗa. Ban yarda ba. An gwada rubutu biyu daga 1966 zuwa 1980, abin da aka samu shi ne littafin da aka buga a Zariya ya zama baƙo a Damagaram, na Yamai kuma babu mai sayensa a Kano. Daidaitacciyar Hausa dukiyar kowa ce, kuma yawanmu a dunƙule shi ne ya sa kamfanonin suka waiwaye mu tun farko. Abin da ke buƙatar gyara ɗan siriri ne: kuɗi, lamba, lokaci, sunayen garuruwa, allon rubutu, harshen da za a koma idan fassara ta ƙare, da ƴan kalmomin aro. Domin wannan aka yi ha-NE. Rumbun da manyan kamfanoni ke ɗibar irin waɗannan bayanai, mai suna CLDR, yana hannun ƙungiyar Unicode, kuma ana cike shi ne da abin da wakilan kamfanoni da hukumomi da masu sa kai suka kawo. Ba a hana kowa ba. Abin da aka kai shi ake samu, wanda ba a kai ba a gada daga maƙwabci.

Ba mu rasa masu yi ba. Abdou Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa zuwa Faransanci tun shekarun 1980. Akwai malaman da suka yi aiki a makarantu masu harshe biyu, akwai ma'aikatan yaƙi da jahilci, akwai ƴan jaridar gidajen rediyon Maraɗi da kullum suke juya sanarwar gwamnati daga Faransanci zuwa Hausar da manomi zai gane, kuma su ba sa kuskuren dala. Sashen Hausa na RFI, wanda ya fara a 2007, shi ma ya nuna ana iya ɗauko labari daga Faransanci kai tsaye. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da ɗalibanta masu koyon kwamfuta. Abin da babu shi ne wurin da zai haɗa mai harshe da mai na'ura a ɗaki ɗaya, irin abin da Zariya ta yi wa mai harshe da mai injin ɗab'i.

Maganar ta ƙara nauyi tun Maris na 2025, lokacin da sabon kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matakin ya jawo muhawara, kuma masu magana da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci suna da hujjar tambayar ina nasu matsayin. A fagen manhaja dai amsar ba ta da wuya, domin manhajar da aka gina ta yadda za ta karɓi Hausa, ta riga ta buɗe ƙofa ga sauran: jerin jimlolin ɗaya ne, sai dai a ƙara masu fassara. Google ma ya ƙara Fulatanci da Barbarci a 2024. Inda za a gane ko ayyanawar ta sauka ƙasa shi ne a manhajojin da aka ƙera a cikin gida, na aika kuɗi, na biyan wuta da ruwa, na duba sakamakon jarrabawa. Waɗannan ba daga Amurka suke zuwa ba, ba za a ce Ingilishi ne ya tare hanya ba, amma akasarinsu da Faransanci suke tarbar mutum.

Su kuwa jama'a ba su jira kowa ba. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, manomi da ƴar kasuwa da almajiri suka samu hanyar da ba ta neman boko ko ajami, ba ta tambayar ƴ ko ɗan waƙafi. Suna gane maɓalli da launinsa da siffarsa, su danna su yi magana da Hausar Maraɗi tsantsa, da dalarta da jikarta. Sai dai murya tana ƙarewa ne a inda kuɗi da takardar hukuma suka fara. A nan dole a karanta abin da allo ya ce kafin a danna, kuma a nan ne har yau mutum yake miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga yaron shago ya cike masa.